Katin bashi na kasuwanci ko katin dala: wanne zan riƙe zuwa Gwanzu?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Salamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma na fi son jin bakin waɗanda suka saba fita saro kaya.

Shagonmu na kayan gyaran babur da pragya (babur mai ƙafa uku) ne a Alabar, nan Kumasi. Baba ne ya kafa shi, shi ne kuma mai zuwa Chaina tun ina firamare. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya ce bana ni zan je baje kolin Kanton na watan Oktoba, zangon farko da ake buɗewa ranar 15 ga wata, domin a shi ake baje babura da kayan gyaransu. Biza ta fito, tikiti yana hannu: Emirates daga Accra zuwa Dubai, daga can Gwanzu, birnin da ake baje kolin. A dawowa zan yada zango a Dubai in duba batura da tayoyi a Dera, in kuma cika saƙon Hajiyarmu, wadda ta ce kada in kuskura in dawo mata ba awarwaron zinariya.

Inda na tsaya shi ne maganar kuɗi. Tsarin Baba ɗaya ne tun fil azal. Ya canza sidi zuwa dala, ya zuba a wani aljihu da tela ya ɗinka masa ta cikin wando, ya ɗaure tazuge, ya hau jirgi. Da shi yake barci, da shi yake sallah. Ni kam zuciyata ba za ta ɗauka ba, ko a motar Asafo zuwa Accra ba zan runtsa ba.

Na je bankinmu in ji ko katin ATM ɗina na Visa zai yi aiki a waje. Yarinyar da ke kula da asusun shago ta ce zai yi, amma me zai hana in karɓi katin bashi na kasuwanci? Ta jero min alheransa: za a buga sunan shago a jiki, zan iya kashe har sidi 60,000, in na biya cikin wa'adin da suka ɗiba babu kuɗin ruwa, ga inshorar tafiya, ga shiga ɗakin hutun manya a filin jirgi, ga maki da ake tarawa. Sharaɗinsu shi ne in ajiye kuɗi a wurinsu su riƙe jingina, in kuma riƙa biyan kuɗin kati duk shekara. Da na ce mata nawa za ku ɗora a kan canji in na goga shi a can, sai ta ce "ɗan kaɗan ne", ta miƙo min fom.

Fom ɗin yana cikin durowa, ban cike ba. Baba da ya ji kalmar bashi ko ƙarshen zancen bai tsaya ji ba, ya ce shekarun da ya yi yana kasuwa bai taɓa cin kuɗin banki ba, ba kuma a kaina za a fara ba. To amma Baba bai taɓa kama ɗakin otal ta intanet ba, wani ɗan Nijar ne a can yake tanadar masa masauki.

Don Allah waɗanda suka sani: katin nan zai saya min kaya a Gwanzu kuwa? Ya fi katin da nake da shi, ko ado ne kawai? Malamai kuma ku taimaka da hukuncinsa, don ba na son in jawo wa shagon Baba abin da zai cire masa albarka.

Alhajin Nima ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida Alhaji, Allah ya ba shi lafiya. Ban san shi ba, amma na san aljihun nan, ni ma telana na Mamobi ya ɗinka min irinsa.

Ka raba kuɗinka gida biyu a kanka kafin ka sake komawa banki. Akwai kuɗin kaya, akwai kuɗin guzuri. Kati kowane iri, na bashi ne ko na ATM, na guzuri ne: otal, abinci, tasi, magani in ciwo ya kama ka. Kuɗin kaya ba ruwansa da kati. Masana'antar da za ka yi ciniki da ita a Fazo, inda ake baje kolin, ba za ta karɓi Visa ba. Za su ba ka takardar farashi mai ɗauke da lambar asusun kamfaninsu, ka dawo gida bankinka ya tura musu dala. Yawanci kashi 30 cikin ɗari ake fara bayarwa su soma aiki, cikon kuma kafin a loda kwantena. Sidi 60,000 da take yi maka kwalliya da shi, in ka mayar dala, ko kusurwar kwantena ba zai cika ba.

Turawa ta banki tana da wani amfani da samari ba sa gani sai kaya sun iso tashar jirgin ruwa ta Tema. Tun 2020 da aka koma tsarin ICUMS komai na kwastan a kwamfuta yake, takardar shigo da kaya, takardar farashi, shaidar biya. In takardunka sun yi daidai da juna, wakilinka yana da bakin magana a kan kuɗin fito. In kuwa a hannu ka ƙirga wa mutum dala a ɗakin otal, da me za ka kafa hujja? Sannan ka tabbata sunan da ke kan asusun shi ne sunan kamfanin da ke kan takarda. Duk wanda ya ce maka "tura wa asusun ƙanina, na kamfani yana da matsala", ka tattara takardunka ka yi gaba.

Tsabar kuɗi kuwa kada ka raina ta don ka ga Alhaji tsoho ne. Ka riƙe abin da zai ishe ka sayen samfuri da 'yan ƙananan kaya a kasuwa. Doka dai ka kiyaye: fita daga Ghana da abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan a filin jirgi. Shiga Chaina kuma iyakar ba ta kai haka ba, in ka wuce dala 5,000 sai ka cike musu takarda. Dubai dirhami 60,000 ne. Mutanenmu da yawa na Ghana kawai suka sani, su manta akwai wata ƙofa a gaba. Dalar ma ka zaɓa, ka karɓi sabuwar ɗari mai shuɗin zare da aka fara fitarwa a 2013, ba yagewa, ba rubutun biro. Tsohuwa wasu za su ƙi ta, wasu su karya mata farashi kana kallo.

Ran Juma'a ka tambayi hanyar masallacin da ake dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ba shi da nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A nan za ka ga 'yan Kano da 'yan Maraɗi da namu na zango. Abincin halal kuma a unguwar Shawbe yake.

Anti Mai Lissafi ta amsa:

Ƙanina, na yi aikin banki a Adum kafin in koma riƙe wa maigida littafin shagonsa, don haka bari in faɗa maka abin da yarinyar nan ba ta faɗa ba. Ba laifinta ba ne, an ba ta adadin katin da za ta raba kafin ƙarshen wata.

Fara da jinginar. Ka ajiye kuɗinka su riƙe, sannan su ba ka katin da za ka ci bashin da bai wuce abin da ka ajiye ba. Kuɗinka ke nan suke ranta maka, ka biya su kuɗin kati a kai, in ka makara kwana ɗaya su ɗora ruwa. Ga kamfani mai ma'aikata biyar da ke yawo ƙasashe, wanda ke son ya ga abin da kowa ya kashe a takarda ɗaya, wannan yana da ma'ana. Ga mai shago ɗaya da zai fita sau ɗaya ko biyu a shekara, jarin da ya kamata ya juya a tayoyi ne aka kulle.

Sai sunan shago da za a buga a jikin kati. Ka duba takardar rajistarku. In rajistar sunan kasuwanci ce kawai, irin wadda yawancin shagunan Alabar da Kejetiya suke da ita, to a idon doka shago da mai shago abu ɗaya ne, bashin kati bashin wanda sunansa ke kan rajistar ne, wato mai yiwuwa Baba. In ma kamfani ne mai iyakantaccen alhaki a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, banki zai sa darakta ya sa hannu cewa shi zai biya in kamfani ya gaza. In an yi jinkirin biya kuma sunan yana zuwa wurin masu ajiye tarihin bashi, gobe ka nemi wani abu a wani banki su gani.

Ruwan kuwa ba wasa ba ne a ƙasar nan. A Yulin 2023 Babban Bankin Ghana ya kai nasa ma'aunin kashi 30 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma a sama da nasa suke ba da rance, katin bashi kuma yana cikin mafi tsadar rancen da suke bayarwa. Ma'aunin ya sauko daga baya, amma ka sa ta rubuta maka na katin a takarda, na shekara, ba na wata ba. A takardar da za su riƙa turo maka duk wata akwai wani ɗan adadi da suke kira mafi ƙarancin biya. Wanda ya biya shi kaɗai ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali sauran yana can yana haihuwa. Wa'adin da ta ce babu ruwa kuma na sayayya ne kawai, kuma sai in ka biya duka. Ka sa katin bashi a ATM ka ciri yuwan a Gwanzu, daga wannan ranar ruwa ya fara, ga kuɗin cirewa na bankinka, ga na mai injin.

Yanzu ga inda kuɗin matafiyi yake zubewa, wato "ɗan kaɗan" ɗin nan. Katin da ke kan asusun sidi, na bashi ne ko na ATM ɗinka na yanzu, in ka biya yuwan da shi, sau biyu ake canji: yuwan zuwa dala a wurin Visa ko Mastercard, dala zuwa sidi a wurin bankinka, da farashin da bankin ya ga dama a ranar da cinikin ya sauka, ba ranar da ka goga ba. A kan wannan kuma su ɗora kason cinikin ƙasar waje. Tambaya biyu za ka yi mata, ka ƙi tashi sai ta amsa da lamba: kashi nawa cikin ɗari kuke ɗorawa, kuma nawa kuke sayar da dala ga kati yau? Ka fito ka kwatanta da allon 'yan canji masu lasisi a Adum. Tazarar da ka gani ita ce ainihin kuɗin katin, ba wanda ake biya duk shekara ba.

Ka kuma tuna sidi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta kusa 15 a wurin 'yan canji. Wanda yake kan hanya a watannin nan da katin sidi, kullum gari ya waye guzurinsa ya ragu.

Abin da nake ba maigida shawara, kuma shi yake yi, shi ne asusun dala na cikin gida, wanda bankuna ke kira FEA, da katin cire kuɗi na Visa ko Mastercard a kansa. Ka zuba dalar guzurinka kafin ka tashi, ka san nawa ka saye ta, magana ta ƙare. Canji ɗaya ya rage, yuwan zuwa dala. A Dubai ma kusan babu, don dirhami a ɗaure yake da dala, 3.6725. Amma iya guzuri za ka zuba. A 2025 sidi ya yi abin da ba a zata ba, daga sama da 15 a Afrilu ya dawo kusan 10 a Yuni, waɗanda suka tara dala a asusu suna jiran ta tashi sun ji a jikinsu.

Abu na ƙarshe, a Dubai za ka gamu da shi. In an sa katinka a na'ura, allon zai tambaye ka da dirhami za ka biya ko da dala. Ka danna dirhami. Kullum kuɗin ƙasar da kake ciki. Lissafin otal na dirhami 1,000 dala 272 ne da 'yan kai a farashin gwamnati. In na'urar ta yi maka tayin ta canza maka da kanta, za ka ga ta rubuta abin da ya fi haka, bambancin kuma na masu na'urar ne. Wasu masu karɓar kuɗi sukan danna maka ba su tambaye ka ba, don haka ka karanta rasit kafin ka bar kanta.

Ɗan Madina Zongo ya amsa:

Yaya, duk abin da Anti ta faɗa haka yake, amma a Gwanzu katin ma ba za ka fito da shi daga aljihu ba sai a babban otal. Mai tasi, mai shayi, mai sayar da ruwa, kowa lambar QR ya manna. Ka sauke manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat tun kana Kumasi, ka yi rajista da fasfo, ka ɗaura katinka na Visa ko Mastercard a ciki. Baƙi suna iya haka yanzu. Cinikin da bai wuce yuwan 200 ba babu caji, wanda ya wuce suna cire kashi 3 cikin ɗari. A Maris na 2024 sun ɗaga iyakar zuwa dala 5,000 a ciniki ɗaya, dala 50,000 a shekara. Sai dai katin waje ba ya tura kuɗi daga mutum zuwa mutum, biyan shago kawai yake yi, don haka wani lokaci ɗan kasuwa zai nuna maka lambarsa ta kansa ta ƙi karɓa. A nan tsabar da Alhajin Nima ya ce ka riƙe za ta fitar da kai.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne layin waya. Za ka zo biya, banki ya turo lambar tabbatarwa ta tes zuwa layinka na Ghana, kai kuma ka cire layin ka sa na can. Kati lafiya lau, kuɗi na ciki, amma ba ka da ikon taɓa su. Ka je ofishin kamfanin layinka su buɗe maka amfani a ƙasar waje, ka zuba kiredit, ka tafi da waya mai layi biyu. In ta imel bankinka ke turowa kuma Gmail ne, ka sani ba ya buɗewa a intanet ɗin otal na Chaina, haka WhatsApp. Da datar layinka na gida suna buɗewa, tsada ce dai da ita.

Ka shiga manhajar banki ka kunna amfani a ƙasar waje da sayayya ta intanet, ka duba iyakar abin da za ka iya kashewa a rana, ka sa su ɗaga. Kati biyu za ka riƙe daga banki biyu, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, kuma ba a jaka ɗaya ba. Katin gh-link da e-zwich ka bar su gida, iyakarsu Ghana.

Ɗakin hutun filin jirgi kuwa, shayi ne da biskit da kujera mai laushi. Kada ka kulle jari a kansa.

Malam na Sawaba ya amsa:

Bismillah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka tambaya kafin ka sa hannu, ba bayan ka sa ba.

Asalin maganar sananne ne, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 275. Abin da ya rage shi ne katin da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwa ya hau. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan a Riyad a shekarar 2000. Matsayarta ita ce, katin bashi da aka sharɗanta ƙarin ruwa a cikin yarjejeniyarsa bai halatta a karɓe shi ba, ko da mai shi ya yi niyyar biya cikin wa'adi, domin ya riga ya sa hannu ya yarda da sharaɗin riba. Amma kuɗin yin kati da na sabunta shi, in tsayayye ne a madadin hidima, ba su ga laifinsa ba.

Akwai malaman zamani, musamman masu ba Musulmin Turai da Amurka fatawa, da suka sassauta ga wanda buƙata ta matsa masa, da sharaɗin ya biya duka a kan lokaci. Ban raina maganarsu ba, don a can akwai abubuwan da ba sa yiwuwa sai da irin katin. Amma sassauci na mai buƙata ne, kai kuma ga Anti ta nuna maka hanyar da kuɗinka ne a ciki, ba rance. Katin cire kuɗi a kan asusunka babu saɓani a kansa. Da muna da bankin Musulunci tsayayye kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya suke da Jaiz tun 2012, da wata magana ake yi.

Saƙon Hajiya kuma ka kula da shi. Wannan matsaya ta ambaci zinariya da azurfa da kuɗin ƙasashe da suna, cewa ba a sayensu da katin da babu kuɗin mai shi a ciki, domin cinikinsu hannu da hannu ne. Awarwaron nan ka biya shi da tsaba, ko da katin da ke cire kuɗinka nan take. Wallahu a'alam.

Hajiya Mai Leshi ta amsa:

Allah gafarta Malam, ba jayayya nake da hukunci ba, ku ne masana. Amma Anti, kin ɓoye wa yaron nan aibin katin dala guda ɗaya, gara ya ji.

Otal yakan riƙe kuɗin ajiya a kan kati ranar da ka sauka, wai ko ka fasa wani abu. In katin bashi ne, kuɗin banki suka riƙe, ba ruwanka. In katin cire kuɗi ne, guzurinka ne aka ɗaure. Wani otal a Laleli, can Istanbul, ya riƙe min dala 400, na sallame su lafiya, ban fasa ko kofi ba, amma kuɗin ba su dawo asusuna ba sai da na koma Accra har na fara sayar da kayan. Kwanakin ƙarshe na tafiyar wata 'yar'uwa 'yar Tamale ce ta ranta min na abinci. Haka in ɓarayin intanet suka kwafi lambar kati: na bashi ka ƙi biya har a gama bincike, na cire kuɗi kuwa naka sun riga sun fita, kai ne mai bin banki da takarda.

Ni tun daga nan na karɓi na bashi, na ba banki umarni su cire duka daga asusuna duk wata, ban taɓa biyan ruwa ba. Na tambayi malamin da nake karatu wurinsa kafin in karɓa. Kai ma, ɗana, ka ji duka ɓangarorin, ka zaɓa da idonka a buɗe. Lokacin baje koli otal-otal na Gwanzu suna tsada, ajiyar da suke nema ma haka.

Anti Mai Lissafi ta sake amsawa:

Gaskiyarki Hajiya, wannan aibi ne na gaske. Maganinsa dai yana da sauƙi ga wanda bai son bashi: ya biya kuɗin ɗaki da kati, ajiyar kuma ya ba su tsaba, su rubuta masa rasit, ranar fita ya miƙa rasit ya karɓi abinsa a hannu. Otal-otal na 'yan kasuwa a Chaina sun saba da haka. Na Dubai ya rubuta musu tun kafin ya kama ɗaki ya ji ko suna karɓa. Maganar ɓarayi kuma shi ya sa na ce iya guzuri, kada katin da zai yawo da shi ya zama a kan asusun da jarin shago yake.

Ɗan Aboabo ya dawo:

Iyaye na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya na koma bankin da tambayoyin Anti a rubuce a bayan rasit. Yarinyar ta kira wani babba daga ciki, shi ya buɗe kwamfuta ya karanto min. Da na fito na tsaya gaban allon wani ɗan canji na yi lissafi a waya, abin da zai bi iska a guzurina in na yi amfani da katin sidi ya kusa kuɗin kwana biyu a otal ɗin da na kama. Rajistarmu kuma yadda Anti ta zata ce, sunan kasuwanci ne, sunan Baba ne a kai. Ko da na so katin bashin, sai ya sa hannu, kun kuwa ji matsayinsa.

Na karɓi fom ɗin asusun dala. Sun nemi katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana da takardun rajistar shago. Na yanzu na sidi zai zama na biyu, ko da yake duk Visa ne kuma banki ɗaya, Ɗan Madina ka yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Hajiya, maganarki ta shige ni, zan ware tsaba ta ajiyar otal daban. Baba ya ce ko da kati goma zan tafi sai tela ya ɗinka aljihun, har ya aika a kira shi.

Saura abu ɗaya: in buɗe asusun da sunan shago ko da sunana?

Anti Mai Lissafi ta amsa:

Wanda za a tura wa masana'anta kuɗi daga cikinsa, da sunan shago, don ya dace da sunan da ke kan takardun kwastan. Na guzuri mai kati kuwa da sunanka, yadda yake a fasfo harafi da harafi, in ba haka ba Alipay zai iya ƙin ɗaura shi, otal ma yakan gwada sunan kati da na fasfo. Rasit ɗin tafiya ka tara su a ambulan ka kawo wa mai yi muku lissafin haraji. Kuma kada ka bari sai satin tafiya, katin yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso reshe daga Accra. Ka kai fom ɗin ranar Litinin da safe, in ya fito ka gwada shi da ƙaramin ciniki a intanet ka ga ko tes ɗin yana shigowa.